Babi na Biyar: Rani da Laka, Maƙeran Kifin Rima

Duk wanda ya ji an ambaci Wurno, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da hubbarensa, tun da a nan Allah Ya yi masa rasuwa a 1837. Wani kuma shinkafa da albasar fadama zai tuna. Amma a wajen masu binciken ƙasusuwan da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse, da kifi aka san garin. A 1934 wani Bature mai suna Errol White, ma'aikacin gidan adana tarihin halittu na Landan, ya wallafa nazarinsa a kan ƙasusuwan kifayen da aka tono a Lardin Sakkwato. Cikinsu har da ƙoƙon kan wani kifi mai gashin baki, ɗan babban gidan su ragon ruwa da tarwaɗa, wanda ya raɗa wa suna Nigerium wurnoense. Shekarunsa a ƙasa sun kusa miliyan 60.

A wancan zamani babu Rima, babu fadama. Teku ce, marar zurfi, mai ɗumi, da ta kwararo daga arewa ta ratsa inda Sahara take a yau, ta bi ta Mali da Nijar ta shafe ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar halittun wannan teku ce. Masana duwatsu ma da sunayen garuruwanmu suke kiran shimfiɗun ƙasar da ta bari: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. A shimfiɗar Dukamaje, wadda ta girmi kifin Wurno, aka samu ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa da wasu masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, don a ƙasar Goronyo suka tono ta. Ba kifi ba ce, 'yar'uwar guza ce da maciji. Kakanninta a tudu suka yi yawo da ƙafa huɗu, amma da zuri'ar ta koma ruwa ta daɗe, ƙafafun sun zama filafilai, jiki ya miƙe sumul, wutsiya ta zama abin tuƙi. Ruwa ya fi iska nauyi sau kusan 800, kuma duk mai son gudu a cikinsa, kifi ne ko guza, sai ya ɗauki siffar da ruwan zai yarda da ita.

Tekun ta janye ta bar mana gulbi mai hali biyu. Gulbin Maraɗi da Gagare da Bunsuru suna haɗuwa su zama Rima, ta biyo ta Goronyo da Wurno. Gulbin Sakkwato kuma ya biyo ta Rabah, su gamu kusa da birnin Shehu, su nufi Argungu. Wata huɗu na damina ruwa ya cika ya malale fadama, jajir da laka. Sauran watanni takwas yana ja da baya, tafkuna su yanke daga uwar gulbi, su yi ta ƙanƙancewa, har bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, kusan duk wani abin mamaki a jikin kifin da Sarkawa ke fitarwa daga wannan ruwa, amsa ce ga ɗayan matsaloli biyu: ruwan da ke ƙarewa, da ruwan da ba a gani a cikinsa.

Yadda wuri ke ƙera jiki ba boyayyen abu ba ne ga makiyayi. Jar akuyar Sakkwato ba dare ɗaya ta zama ja ba. Masu kiwo ne suka yi ta ajiye bunsurun da fatarsa ta yi musu, suna yanka wanda bai yi ba, har launin ya zauna a jini. A gulbi babu mai garke, amma akwai zaɓe. Tarwaɗa ɗaya takan zuba ƙwai dubbai, 'ya'yan kuma ba su zama ɗaya sak, wani ya fi wani jure ƙarancin iska, wani ya fi saurin girma. Rani ya zo ya kashe mafi yawansu. Waɗanda suka tsira su ne iyayen baɗi, kuma abin da ya tsirar da su shi za su gadar. A maimaita wannan shekara miliyoyi, shi ne abin da ake kira juyin halitta. Na san kalmar takan sa wasu malamanmu ɗaure fuska. Ni dai ban ga inda bayanin hanyar da abu ya bi ya kore Mai abin ba, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana mu roƙon ruwa ba. Tun ƙarni na 9 ma Al-Jahiz na Basra ya cika Kitabul Hayawan da lura a kan yadda dabbobi ke cin juna da dabarun da kowace ke tsira da su.

Mu fara da numfashi. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce, amma abin da ruwa ke iya riƙewa bai fi kashi ɗaya cikin talatin na wannan ba, kuma yana raguwa in ruwan ya yi zafi: lita ɗaya takan riƙe miligiram 9 a digiri 20, ta sauko 7 da rabi a digiri 30. In aka ƙara da ruɓaɓɓen haki da ke cinye sauran, tafkin watan Afrilu kusan babu abin shaƙa a ƙasansa. Jan naman nan mai tsage-tsage da ke ƙarƙashin murfin kunnen kifi, wanda da shi yake tace iska daga ruwa, aikinsa na ban mamaki ne. Jini yana gudu a cikinsa ta fuskar da ta saɓa wa gudun ruwan, don haka yakan kwashe har kashi 80 cikin 100 na oksijin da ya ratsa. Sai dai komai ƙwarewar mai tatsa, ba ya tatsar abin da babu. Shi ya sa giwan ruwa da tsage ke fara juya ciki sama in ruwa ya lalace.

Tarwaɗa kuwa ko a jikinta. A bayan jan naman nata akwai wani ɗaki a cikin kai, da wata tsoka mai rassa cike da jijiyoyin jini. Takan taso ta haɗiyi iska, ta riƙe a nan, jini ya ɗauka. Duk mai sayar da kifi ya san za ta yini a roba da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, ta kai la'asar tana motsi, alhali karfasar da aka kama tare da ita ta daɗe da sanƙarewa. In tafki ya ƙafe, da dare ko da raɓa, takan kafa ƙayoyin gefenta a ƙasa ta ja jiki zuwa wani ruwan. Bargi da yauni sun warware matsalar ta wata hanya dabam, da jakar iskar da ke cikin cikinsu suke numfashi. Gartsa kuma huhu gare ta na sosai, guda biyu, na dama ya fi na hagu tsawo. Waɗannan kifaye ba gida ɗaya suka fito ba, kuma kowanne da gaɓar da ya tarar a jikin kakanninsa ya yi aiki, ya ɗan sauya mata fasali. Juyin halitta ba ya sabon gini, gyaran tsohon yake yi. Darwin, masanin da ya yi fice a kan juyin halitta, ya ɗauka jakar iskar kifi ce ta rikiɗa ta zama huhu. Binciken baya ya nuna an juya zancen: huhu ne farko, kuma jakar da ke hana karfasa nitsewa tsohon huhu ne da ya sauya sana'a.

Amma sarauniyar rani gaiwa ce. In ruwa ya fara ƙafewa ba ta neman wani tafkin. Takan kafa kai a taɓo, tana cizon laka tana fitarwa ta kunne, har ta nutse taƙi ɗaya ko biyu. Sai ta naɗe, wutsiya ta rufe fuska, fatarta ta yi ta fitar da yauƙi. Yauƙin ya bushe ya zama kwanso, ya rufe ta ruf, sai wata 'yar kafa da ta shiga bakinta, wadda ta nan iska ke biyo ramin ta iso huhu. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, shanu su bi ta kai, tana nan. Bugun zuciya ya ragu, ci da sha su tsaya, fitsari ya ɗauke. Wata bakwai ko takwas take yi haka a daji, a ɗakin bincike kuwa an ga wadda ta haura shekara uku ta kuma farka da aka zuba mata ruwa.

Masunta kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma gaskiyarsu. Ba taunar wutsiya take yi ba, tsokarta ce ke narkewa a hankali tana ciyar da sauran jiki. A nan kuma wata matsalar ke ɓullowa. Duk jikin da ya ƙona nama sai ya fitar da amoniya, wadda dafi ce. Kifin da ke ruwa ba ruwansa, ruwan ke wanke masa ita. Gaiwar da ke cikin busasshiyar laka ba ta da inda za ta zubar. Sai hantarta ta juya amoniyar zuwa yuriya, sinadarin nan dai da manoman Wurno ke saye a buhu su watsa wa shinkafa. Yuriya ba ta da dafi sosai, don haka takan tara ta a jini da tsoka har damina, ta fitar gaba ɗaya in ruwa ya sauka. Wani masanin aikin ƙoda ɗan Amurka, Homer Smith, shi ya auna wannan a 1930 a jikin 'yar'uwarta ta Gabashin Afirka. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar New Mexico suka gano kwanson ma ba mataccen yauƙi ba ne, cike yake da fararen ƙwayoyin jini masu tare ƙwayoyin cuta kafin su kai ga fata.

Duk wannan ba kyauta ta same shi ba. Jan naman kunnenta ya ƙanƙance har ba ya iya riƙe ta. Babbar gaiwa, in ta maƙale a kalli a ƙasan ruwa ta kasa tasowa, nutsewa take yi ta mutu, kifi guda da ruwa ya ci. Ba ta da gudu, fukafukanta huɗu sun zama zare-zare. Amma a duba zaren nan huɗu da kyau, biyu gaba, biyu baya, a duba huhun, a duba zuciyar da ta fara rabuwa gida biyu don raba jinin huhu da na jiki. Lokacin da Richard Owen ya bayyana ta ga masanan Turai a 1839, daga samfurin da aka kawo daga kogin Gambiya, an daɗe ana gardama ko kifi ce ko dangin kwaɗi. Yau ƙwayoyin gado sun raba gardamar: kifi ce, amma cikin duk kifayen da ke raye, danginta ne suka fi kusa da masu ƙafa huɗu. Tsatsonsu ya haura shekara miliyan 400. Gaiwar da yara ke tonowa a fadamar Rabah ta fi kusa da akuya ta fuskar asali a kan yadda take da karfasa. Kundin gadonta ma, da aka karanta a 2021, harafi kusan biliyan 40 ne, na ɗan Adam kuwa biliyan 3.

Gartsa ita ma ta ba da tata gudummawar ga wannan labari. A 2014 Emily Standen da abokan aikinta a Jami'ar McGill ta Kanada sun reni ƙananan gartsa wata takwas a kan damshin ƙasa, ba cikin ruwa ba. Da suka girma sun fi 'yan'uwansu na ruwa iya ɗaga kai da kafa fukafukai kusa da jiki, ƙasusuwan kafaɗarsu ma sun sauya fasali, irin sauyin da ake gani a ƙasusuwan kifayen farko da suka hau tudu.

Matsala ta biyu duhu ce. Wanda ya tsoma hannu a Rima cikin watan Agusta ba zai ga yatsunsa ba. A irin wannan ruwa ido ba shi da wani amfani, shi ya sa idon tarwaɗa bai fi ƙwayar dawa ba. A madadinsa tana da gashin baki takwas, kuma ɗanɗano take yi da su, da fatar jikinta ma. Wasu ƙananan ƙasusuwa sun haɗa jakar iskarta da kunnen ciki, don haka jinta ya fi na yawancin kifaye. Wannan duk mai sauƙi ne in aka kwatanta da abin da yauni ya yi.

A littafinsa na 1859 Darwin bai ɓoye ba cewa kifaye masu lantarki sun ɗaure masa kai. Minjirya, wadda duk masuncin da ya taɓa damƙar ta a homa ba ya mantawa, takan saki abin da ya kai bolt 350, ta sumar da ƙananan kifaye ta kori abokin gaba. Amfaninsa a fili yake. To amma in sauyi a hankali yake zuwa, mene ne amfanin rabin bolt ga kakanta na farko? Ba zai kashe ko sauro ba, to me zai sa a gaje shi har ya ƙaru? Tambayar ta haura shekara 90 ba amsa.

Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya lura da wani yauni a gidan ajiye namun daji na Landan yana tafiya da baya, yana kauce wa duk abin da ke bayansa, ba ya ko gogar shi. A 1951 ya ba da rahoton cewa kifin yana sakin wani raunannen lantarki daga wutsiya, ba dare ba rana, kusan sau 300 a daƙiƙa. Lantarkin yana kewaye jikinsa, fatarsa kuma cike take da ƙananan ramuka masu jin sa. Duk abin da ya shigo kewayen, dutse ko kifi ko saiwar haki, sai ya karkata shi, yauni ya san abu na nan, ya san girmansa da nisansa. Shi da Ken Machin sun nuna a 1958 cewa yana iya bambance tukwane biyu masu kama ɗaya, in abin da ke cikin ɗaya yana wuce da lantarki, na ɗayan ba ya wucewa. Ashe rabin bolt yana da amfani, ido ne a cikin laka. An kuma gano daga baya cewa wasu kurungu, waɗanda babban gidansu ɗaya da minjirya, su ma suna sakin ɗan raunannen lantarki.

Yanzu a sake kallon yauni a kan tabarmar mai kifi. Ba shi da fiffiken wutsiya, ba na ciki, amma yana da dogon fiffike ɗaya da ya bi gadon bayansa tun daga wuya. Dalili kuwa, in yana karkaɗa jiki kamar sauran kifaye, lantarkin zai yi ta rawa, hoton ya dagule. Don haka jikin yana miƙe, fiffiken baya kaɗai ke kaɗawa, gaba ko baya duk ɗaya. Gaɓa ɗaya ta sauya, sauran jiki duka ya bi ta. Danginsa su miligi sun biya nasu kuɗin a ƙwaƙwalwa, don fassara saƙon lantarki aiki ne babba. An auna wani daga cikinsu a 1996 aka ga ƙwaƙwalwarsa na cinye kashi 60 cikin 100 na oksijin da yake shaƙa, ta mutum kuwa kashi 20. A kogunan Kudancin Amurka, masu duhu irin namu, wasu kifaye da ba su haɗa kusancin jini da yauni ba sun ɓullo da dabara iri ɗaya, har da miƙaƙƙen jiki da dogon fiffike, sai dai nasu a ciki yake.

Sauran siffofin ana iya karanta su a tsaye a bakin kasuwa. Tsage siriri ne, wutsiya mai baki biyu, haƙora a waje: mai bin abinci da gudu a sararin ruwa. Giwan ruwa mai kauri ne, wutsiya zagayayya, baki wagege: ba ya dogon gudu, laɓewa yake ya zabura sau ɗaya ya zuƙe. Karfasa faffaɗa ce don juyi a cikin haki, uwar kuma a baki take renon ƙwai. Kurungu ya zaɓi makami, ƙayoyi uku masu kullewa in ya miƙe su, yadda mai haɗiyarsa zai yi da-na-sani. Akwai ma irin kurungun da ke kiwo a saman ruwa yana rigingine. Kusan kowane kifi bayansa baƙi ne cikinsa fari, don ya ɓace wa mai kallo daga sama da mai kallo daga ƙasa. Shi wannan, da yake a juye yake yini, cikin nasa ne ya yi baƙi.

Duk waɗannan jikuna an ƙera su ne a kan kalanda ɗaya, cikowa da janyewa. Bargi yakan share fili a cikin hakin da ambaliya ta rufe ya yi zagayayyen gida, yauni ya yi nasa mai yawo a kan ruwa, gaiwa ta haƙa rami a gefen fadama, namijin ya tsaya gadi. Cikin shekara hamsin da suka wuce mun taɓa wannan kalanda. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Binciken da William Adams ya wallafa a 1985 ya nuna yadda Bakolori ta rage ambaliyar fadamun da ke ƙasa da ita, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya tare. Bayan madatsa kuma an samu abin da yankin bai saba da shi ba, ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa. A irin wannan ruwa huhun gaiwa da kwansonta ba su ba ta fifikon komai, karfasa da kawara ne ke cin kasuwarsu. Ba na cewa madatsa ba ta yi rana ba, wanda ya ga albasa da alkamar rani a Goronyo ba zai faɗi haka ba. Amma mai zaɓen ya sauya, kuma wanda za a zaɓa ma dole ya sauya.

Kalli ma mai zaɓe ne. Idonsa yana kama babba ya saki ƙarami, don haka kifin da ya balaga da wuri yana ɗan ƙarami shi ke barin zuri'a. Wannan ba ya buƙatar shekara miliyan. A 2002 David Conover da Stephan Munch a Amurka sun yi ta kwashe manyan wani ƙaramin kifin teku daga tankuna suna barin ƙananan su hayayyafa, cikin zuri'a huɗu kacal kifin ya ƙanƙance. Wasu tankunan da aka kwashe ƙananan aka bar manyan, sai girma ya ƙaru.

Wani abin kuma ba ya goguwa da sauri haka. Tarwaɗa ce kifin da aka fi kiwo a Nijeriya, don ɗakin iskar nan da ke cikin kanta ya sa ana iya cusa ɗaruruwa a tankin siminti ɗaya su rayu. Takan ci, ta yi ƙiba, cikinta ya cika da ƙwai, amma ba za ta zuba ba. Jikinta yana jiran alamar da kakanninta suka saba da ita, sabon ruwa yana hauhawa yana shiga haki. Tanki ba ya ambaliya, don haka masu ƙyanƙyasa sai sun yi mata allurar sinadarin haihuwa, su jira kamar rabin yini, sannan su matse ƙwan da hannu a cikin kwano.